Zoben baiko na daimon: kadara ce kamar gwal, ko ado ne kawai?

Idan saurayi ya ba budurwarsa zobe mai dutsen daimon, dukiya ya ba ta ko kwalliya? Wannan tambaya ce ke kwance a ƙarƙashin gardamar da ake ta yi tun da bidiyon "saka zobe" ya fara yawo a wayoyin mutanen Katsina. An ƙawata wuri da fitilu da furanni, saurayi ya buɗe ɗan akwati, ƙawaye sun sa ihu. Washegari a majalisa da gidan biki sai mutane su rabu biyu, masu cewa koyi da Nasara ne, da masu cewa kyauta ce kamar kowace kyauta. Zan zo kan wannan daga baya. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai: kowa ya ɗauka tunda zoben ya ci kuɗi, to ajiya ce.

Bara, bayan babbar salla, na raka matar ƙanena wurin 'yan gwal a babbar kasuwar Katsina. Kuɗin haya ya taso, ta yanke shawarar sayar da zoben da ya ba ta kafin aurensu. Mai shagon ya juya shi, ya duba hatimin da ke ciki, ya goga shi a dutsen gwaji, ya ɗiga ruwa, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, gwal ɗin mai kyau ne, sha takwas ne. Amma sai mun cire dutse."

"Alhaji, ai dutsen shi ne kuɗin."

"Ban musa ba, Hajiya. To ni wa zan sayar wa?"

Ya sa ɗan awartaki ya buɗe faratan da ke riƙe da dutsen, ya naɗe shi a guntuwar takarda ya miƙa mata, sannan ya ɗora sauran a sikeli. Abin da ya lissafa bai kai rabin abin da mijinta ya biya ba. Mutumin bai cuce ta ba, gaskiyar sana'arsa ya faɗa. Ita ce ba a taɓa yi wa bayani ba, kuma shi ma ƙanen nawa ba wanda ya yi masa a ranar da ya saya.

## Sunan ma sai an daidaita shi

Kalmar lu'u-lu'u a asalinta na Larabci, kamar yadda ta zo a Alƙur'ani, sunan ƙwayar nan ce da ake samu a cikin ɓawon wata halittar teku. A Hausar jarida da rediyo kuwa mun ara wa daimon ita. A kasuwa abin ya fi haka faɗi: duk farin dutse mai ƙyalli, ko na jikin leshi ne ko na takalmin amarya, ana ce masa daimon. Saboda haka mai shago zai iya ce maka "daimon ne" ba tare da ya ji ya yi ƙarya ba, kai kuma ka tafi da wata fahimtar daban.

Daimon na ainihi sinadarinsa ɗaya da gawayi da bakin fensir. Matsi da zafin da ke ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kilomita 150 zuwa 200, su suka dunƙule shi, aman wutar duwatsu ya turo shi sama. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa goma, shi ke hawa na goma. Rasha da Botswana ne kan gaba wajen haƙo shi, ga kuma Kanada, Angola, Kongo da Afirka ta Kudu. Mu a nan zinariya Allah ya ba mu, a Zamfara da Neja da Kebbi da Birnin Gwari da Ilesha. Daimon baƙo ne, duk wanda ka gani a shago da kuɗin waje aka shigo da shi.

Sai kalmar karat, wadda ke rikita mutane fiye da komai don abu biyu take nufi. A gwal, tsarki take aunawa cikin kashi 24. Karat 24 tsantsa ne, 22 hatiminsa 916, 21 hatiminsa 875, 18 kuma 750. A dutse kuwa nauyi take aunawa, karat biyar ne giram ɗaya, kowane karat kuma an raba shi maki 100. Idan aka ce maka zobe "karat 18 ne", gwal ɗin aka bayyana maka, ba a ce komai kan dutsen ba. Haka nan zobe mai ƙananan duwatsu ashirin da jimillarsu ta kai karat ɗaya bai ko kama ƙafar zobe mai dutse guda na karat ɗaya a kuɗi ba.

## Daga ina al'adar ta fito

Masu tarihi kan ambaci zoben da Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi a 1477, amma wannan harkar gidan sarauta ce. Talakan Turai bai san da ita ba sai bayan da aka gano daimon mai ɗimbin yawa a Kimberley ta Afirka ta Kudu wajen 1870. Abin da ake tunanin ba shi da yawa sai ga shi ana kwasa, masu ma'adinan suka ga farashi zai zube. A 1888 wani Baturen Ingila, Cecil Rhodes, ya haɗe su ƙarƙashin kamfanin De Beers, wanda ya shafe mafi yawan ƙarni na ashirin yana riƙe da akalar kasuwar, yana sakin kaya daidai yadda farashi ba zai faɗi ba.

Riƙe kaya kaɗai bai isa ba, sai an sa mutane sun so shi. A 1938 kamfanin ya ɗauki masu tallan N. W. Ayer na Amurka, a 1947 kuma wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta rubuta taken da ke cewa daimon na har abada ne. Aka riƙa sa shi a hannun taurarin fim, aka koya wa samari cewa girman dutse shi ne girman so. Ƙa'idar nan da ake ji ta "albashin wata biyu", wato wai abin da ya kamata saurayi ya kashe a kan zobe ke nan, ita ma daga tallan ta fito, da wata ɗaya ma aka fara. A Japan, inda ba su da wannan al'ada, an fara tallan a ƙarshen shekarun 1960 lokacin da amaren da ke samun zoben ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Zuwa 1981 sun kai wajen kashi 60. Taken "har abada" yana da wani amfani ga masu sayarwa: abin da aka ce na har abada ne ba a mayar da shi kasuwa, don haka mai saye ba ya saurin gano nawa za a taya.

Mu kuwa hanyar da ya biyo ya iso mana sananniya ce: finafinai, bukukuwan Legas da Abuja, sai Instagram da TikTok suka ƙarasa aikin.

## Me ya sa ba a sayensa kamar gwal

Iyayenmu mata sun san abin da suke yi da suke nacewa a sa sarƙa da 'yan kunne da awarwaro a lefe. Gwal banki ne da mace ke ajiyewa a ƙasan akwati. Giram ɗaya na 21 daidai yake da kowane giram na 21, ko a Daura aka auna ko a Jidda. Yana da farashin duniya da kowa zai iya dubawa a waya kullum. Idan ƙira ta tsufa a narke a sake wata, abin da aka rasa kuɗin ƙira ne kawai. Ga shi a 2025 ya yi ta hawa: oza ɗaya, wato giram 31 da ɗoriya, ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoba. Duk wadda ta riƙe sarƙar aurenta ta ga amfanin haƙurinta.

Da wannan tunani muke tunkarar daimon, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Babu duwatsu biyu da suke daidai, don haka babu farashin giram. Ba a narkawa a sake. Kuɗin da ka biya a shago ya haɗa da ribar mai haƙa, da mai yanka a birnin Surat na Indiya inda ake gyara mafi yawan daimon na duniya, da dillalin Antwerp ta Beljiyam ko Dubai, da wanda ya shigo da shi, da hayar shago, da canjin dala na ranar. Kana fita ƙofa waɗannan ribobin sun zama na masu su. Ko a Landan da New York, inda masu saye suke birjik, wanda ya mayar da zobe ƙasa sosai da abin da ya biya ake taya masa. Balle a Katsina, inda ɗan gwal ba shi da na'urar tantancewa, ba shi kuma da mai jiran ya saya daga hannunsa. Abin da Alhajin nan ya ce ke nan: wa zai sayar wa?

Wannan ba ya nufin kada a saya. Muna sayen leshi mai tsada da turare da waya, ba wanda ke sa ran mayar da kuɗinsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Illar tana ga wanda ya sayi rariya yana zaton tulu ne, ya rage gwal ɗin lefe ya zuba kuɗin a dutse, yana ganin ajiya ɗaya ya sauya da wata.

## Abu huɗu da ke yanke farashin dutse

Cibiyar GIA ta Amurka mai tantance duwatsu masu daraja, wadda aka kafa a 1931, ita ta tsara ma'aunin da duniya ke bi tun shekarun 1950. Abu huɗu ake dubawa: nauyi, launi, tsabta da yanka.

Nauyi shi ne abin da kowa ke tambaya, amma farashinsa ba tafiyar matakala yake yi ba, tsalle yake yi. Dutsen karat ɗaya ya fi ninkin kuɗin mai rabin karat nesa ba kusa ba, alhali a ido zagayayyen karat ɗaya faɗinsa kamar milimita shida da rabi ne, mai rabin karat kuma biyar da 'yan kai. Tsallen ya fi yawa a kan cikakkun lambobi. Mai maki 90 da mai 100 ba wanda zai bambance su a yatsa, amma a rasit bambancin a bayyane yake.

Launi ana jera shi da haruffa daga D, fari tas, har zuwa Z mai ruwan ɗorawa. Ga mu da muka fi son jan gwal, biyan kuɗin D asara ce, domin dutsen zai ɗauki launin gwal ɗin da ke kewaye da shi. Daga G zuwa J ya wadatar. Tsabta kuma tabo ne da ɗigon da ke cikin dutsen, ana duba su da gilashi mai ninka girma sau goma, ana ba su maki daga FL mara tabo, zuwa VVS, VS, SI, har I. Mafi yawan masu VS2 (hawa na biyu a VS), da wasu masu SI1 (hawa na farko a SI), ido ba ya ganin komai a cikinsu. Iyakar abin da ake buƙata ke nan.

Yanka ne bai kamata a yi masa rowa ba, kuma shi mutane suka fi mantawa. Daimon ba ya haske da kansa, hasken da ya shige shi yake mayarwa. Zagayayyen dutse yana da fuska 57 ko 58, kuma kusurwar kowace da lissafi aka yanke ta. Idan mai yanka ya bar gindin da zurfi don kada nauyi ya ragu, ko ya baje shi don ya yi faɗi a ido, haske sai ya zurare ta ƙasa, dutsen ya yi dishi-dishi kamar fasasshen kwalba. Ƙaramin dutse mai kyan yanka ya fi babba mara kyau ɗaukar ido. A takardar shaidar da cibiyar tantancewa ke ba dutse a nemi matakin farko na yanka, ko na biyu idan aljihu bai kai ba. Sannan kada a yarda da fitilun shago, don wannan aiki aka jera su. Ka roƙi a fito da zoben bakin ƙofa, ka duba shi a inuwa da hasken rana, ka kuma kare shi da tafin hannu ka ga ko yana sauran rai.

## Na haƙowa, na masana'anta, da na kwaikwayo

Yanzu dutse iri uku ne ke yawo da suna ɗaya. Akwai na haƙowa, wanda na bayyana. Akwai na masana'anta, wanda ake shukawa a cikin na'ura cikin 'yan makonni, ko dai da matsi da zafi, ko da iskar gas. Wannan ba jabu ba ne. Sinadarinsa da taurinsa da ƙyallinsa duk na daimon ne, ƙwararre ma sai da na'ura ta musamman yake bambance su. Tun 1954 kamfanin General Electric ya fara yin sa don aikin masana'antu, amma a shekaru goman nan ne ya cika kasuwar ado, daga Sin da Indiya. A 2018 De Beers da kansa ya buɗe reshen sayar da shi mai suna Lightbox a kan dala 800 kowane karat. A 2025 ya sanar da rufe reshen bayan farashin ya ci gaba da zubewa. Zubewar ta ja farashin na haƙowa ma ƙasa.

Ga wanda ya riga ya yarda ado yake saye, ni a ganina na masana'anta zaɓi ne na hankali: dutse babba mai kyau da kuɗi kaɗan, sauran a ƙara gwal. Sharaɗi biyu ne kawai. A san cewa idan an tashi sayarwa kusan ba abin da za a taya, kuma kada a ɓoye wa yarinya. Zoben da aka fara da ɓoye-ɓoye ranar da asiri ya tonu ya fi rashin zobe ciwo. Wasu ma sun fi natsuwa da shi saboda tarihin jinin da ke bayan na haƙowa a yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, wanda ya sa aka kafa tsarin Kimberley a 2003 don hana cinikin daimon na 'yan tawaye.

Na uku su ne masu kama da shi. Zirkoniya, wadda 'yan kasuwa ke kira CZ, ita ce a jikin yawancin sarƙoƙinmu. Tana da araha, tana dushewa da gogayya. Moisanait kuwa dutse ne mai tauri ƙwarai, ƙyallinsa ma ya fi na daimon launin bakan gizo, kuma ba laifi ba ne a saya muddin da sunansa aka sayar. Shi ne aka fi yaudarar mutane da shi. Ɗan alƙalamin nan mai ƙara da ake dangwala wa dutse a gabanka saurin wucewar zafi yake aunawa, kuma moisanait yana tsallake irin na araha. Na masana'anta ma zai tsallake, tunda daimon ne. Gwajin gida na huci da karce gilashi ba abin dogaro ba ne, duwatsu da yawa suna karce gilashi. A lura kuma da katin da ya saba zuwa da moisanait mai haruffa GRA. Harafi ɗaya ne ya raba shi da GIA, amma ba abu ɗaya ba ne.

## A hannun wa za ka saya

Tunda idonka ba zai iya tantance dutse ba, ainihin abin da kake zaɓa mutum ne. A fara neman mai sayarwa kafin a fara kallon zobba.

Katsina da Daura ba su rasa masu sana'a ba. Akwai 'yan gwal da suka gaji sana'ar, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da zinariya, har da Buzaye masu ƙirar Agadas. A kan gwal, mutanen nan sun fi kowane shago mai gilashi sanin abin da suke riƙe da shi, kuma idan matsala ta taso ka san gidansu. Amma sanin gwal daban, sanin dutse daban. Mai gaskiya a cikinsu zai ce maka kai tsaye shi ba ya harkar daimon, ko ya ce zai sa a kawo daga Kano ko Dubai. Wanda ya faɗi haka na fi yarda da shi a kan wanda ya ce komai akwai.

Hanya ta biyu ita ce manyan shagunan Kano da Abuja da Legas. Ta uku saƙo, a ba mai tafiya Umara ko Dubai kuɗi ya sayo. Can kaya sun fi yawa, farashi yakan fi sauƙi, amma idan zoben ya zo bai shiga yatsa ba, ko dutsen ba shi ne na hoto ba, wa za ka kama? Kuma ka ɗora wa ɗan'uwa nauyin da zai iya ɓata zumunci. Ta huɗu ita ce masu shago a Instagram da WhatsApp. Akwai na kirki a cikinsu, amma tura miliyoyi zuwa asusun wanda ba ka san ƙofar shagonsa ba sayen kifi a ruwa ne. Idan ba makawa, a sa wani amintacce ya je ya gani da idonsa kafin a biya.

Ko ta ina aka bi, tambayar farko ita ce takarda. Dutsen da ya kai wajen rabin karat ya kamata ya zo da shaidar cibiyar da ba ta da hannu a cinikin, kamar GIA, ko IGI wadda ta fi yawa a kan na masana'anta, ko HRD ta Antwerp. Takardar da shagon ya buga da kansa ba shaida ba ce, yabon kai ne. Kowace shaida tana da lamba. Ka shiga shafin cibiyar a wayarka a nan gaban mai shago, ka sa lambar, ka ga ko nauyi da awo sun dace. Yawanci an zana lambar nan da hasken lesa a gefen dutsen, ƙanana ƙwarai. Ka ce a ba ka gilashi ka karanta da kanka, domin takardar gaske tana iya zuwa da wani dutsen daban. Mai shagon da ya ɓata rai don ka nemi wannan, ya riga ya ba ka amsa.

Tambaya ta biyu, a raba maka farashi: gwal giram nawa, karat nawa, kuɗin ƙira nawa, dutse nawa. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da Fadalatu ɗan Ubaidu ya ce ya sayi abin wuya ranar Khaibara a kan dinari goma sha biyu, mai zinariya da duwatsu, da ya rarrabe sai ya tarar zinariyar ta fi goma sha biyu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada a sayar da irinsa sai an rarrabe. Hukuncin a kan musayar zinariya da zinariya ne, kuma ya shafi mai son ba da tsohon gwal a yi masa canji da zobe, gara ya tambayi malami. Amma ko da naira za ka biya, rarrabewar tana kare ka. Da yawa an auna musu dutsen CZ a farashin gwal, ranar sayarwa kuma aka cire shi.

Ta uku, wadda na so a ce ƙanena ya yi: "Alhaji, idan na dawo da shi bayan shekara biyu, nawa za ka karɓa?" Duk abin da ya faɗa a rubuta a rasit, tare da lambar shaida, da cewa na haƙowa ne ko na masana'anta, da kwanakin da za a iya mayarwa, da ko gyaran awo kyauta ne. Alkawarin baki yana tafiya da yaron shagon da ya yi shi.

## Hannun da zai sa zoben

Zoben da ke hoton talla an yi shi ne don hannun da ba ya tuƙa tuwo. Dutse mai tsayi a kan farata huɗu yana kama mayafi da leshi, yana jan zaren hijabi, faratan kuma suna buɗewa a hankali har ranar da za a duba a ga rami. Farata shida sun fi riƙo, wanda aka zagaye bakinsa da gwal gaba ɗaya ya fi duka, musamman ga ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta ko mai aikin gida da kanta. Gwal ɗin 21 da 22 da muka saba da shi yana da laushi, shi ya sa ake ɗora daimon a kan 18. Farin gwal kuma shafe ne a samansa, yana koɗewa, sai an riƙa sabuntawa, kuma ba kowane maƙeri ke da kayan yin hakan ba.

Taurin daimon na karce ne, ba na duka ba. Idan ya bugi bakin turmi ko ƙarfen ƙofa a mugun wuri yana iya ɓantarewa. Yana kuma son maiƙo, manja da man shafawa suna dushe shi, amma ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi mai laushi sun isa su dawo da shi. Awon yatsa a yi shi da yamma, a tuna yatsa na kumbura a zafin Afrilu, ya saki a hunturu. Ba sai an yi ɓoyo irin na fim ba, a tambayi ƙanwarta ko a ari zoben da take sawa. Mafi sauƙi ma a tambaye ta ita kanta ko zobe take so ko awarwaro.

## Inda ake saɓani, da abin da zai shafi talaka

Malaman da ke hana shi suna kallon asalinsa, da camfin da wasu ke ɗaura masa cewa cire shi na kawo rabuwa, da kuma yadda ake yin bikin: saurayi ya kama hannun wadda ba a ɗaura musu aure ba, a gaban kyamara. Masu sassauci suna cewa ado da zinariya da duwatsu halal ne ga mace, kyauta tsakanin masu neman aure kuma tsohon abu ne a wurinmu, toshi ke nan. A aika da zoben ta hannun mata kamar sauran kaya, magana ta ƙare. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne namiji ba ya sa zinariya, azurfa aka halatta masa. Kuma zobe ba ya zama baiko. Baiko magana ce ta manya, da goro da alawa da shaidu. Yarinyar da ke sanye da zobe alhali ba wanda ya je gaban waliyyinta, ba a ba da ita ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne gasa. Duk abin da ya shiga aurenmu a matsayin sha'awa, ba ya daɗewa sai ya zama dole, kamar yadda akwatunan lefe suka yi ta ƙaruwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Wata biyu 140,000 ke nan, kuma a ƙarshen 2025 wannan bai sayi giram ɗaya na tsantsar zinariya ba, balle zobe da dutse. Idan 'yan mata a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa suka fara auna samari da ɗan akwati, abu biyu ne za su biyo baya: bashi, da cinikin jabu, don wanda ba shi da hali zai nemi mai kama. Alhali a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, abin da aka ce wa sahabin da ba shi da komai shi ne ya nemo ko da zoben baƙin ƙarfe ne, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne.

Saura tambayar da ba a son yi ranar murna: idan aka fasa, zoben na wa ne? Ya danganta da sunan da aka ba shi. Idan an ambace shi a cikin sadaki, kuma ba a ɗaura aure ba, komawa yake yi. Idan kyauta ce, fatawar da ta shahara a wurin Malikiyya ita ce a duba wanda ya janye: in namiji ne ba ya karɓar komai, in daga wajen mace ne yana iya neman kayansa, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. Saboda haka wakilan da za su kai kaya su faɗa a fili, gaban iyaye, cewa wannan toshi ne ko sadaki. Bayan ɗaurin aure kuma a miƙa wa amarya rasit da takardar shaidar dutsen ta adana da kanta, ta ɗauki hotonsu a waya, domin ranar da zoben ya ɓata ko aka tashi sayarwa, lambar nan ce kaɗai za ta nuna wane dutse ne.

Matar ƙanena ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Ta karɓi kuɗin gwal ɗin aka cika haya, dutsen kuma yana nan a cikin takardar da Alhaji ya naɗe shi, a gwangwanin da take ajiye allura da zare. Ta ce in an samu sarari za ta kai wa maƙeri ya ɗora mata shi a kan azurfa.